Bisimillar da Malam Aƙilu Ya Ɓoye a Kwamfuta

Duk wanda ya zauna a Ƙofar Jatau a shekarun baya ya san Malam Aƙilu, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon nan siriri mai tafiya kai a sunkuye, ba don kunya ba, ƙasa yake dubawa. In ya ga takarda a yashe sai ya tsaya ya ɗauka, ya karkaɗe, ya duba ko da sunan Allah a jiki. In babu, ya ajiye ta gefe. In akwai, ya ninke ya sa a aljihun gaba. A gidansu ya taras ana haka, don gidan malamai ne. Shi dai bayan ya sauke aka sa shi boko, ya koyi tafireta a Tudun Wada, ya sami aikin akawu a wata makarantar horon malamai da ke bayan ganuwa. Kullum da safe ya hau kekensa, da la'asar ya dawo wa matarsa Rakiya da labarin ofis, tana tankaɗe yana ba ta.

Abu ɗaya ke damunsa a aikin nan. A gidansu ba a fara rubutu sai an sa bisimilla a sama, ko da wasiƙar gaisuwa ce. A ofis kuwa ya san inda takardu ke ƙarewa. In sun tsufa masinja ya kwashe, sai ka gan su wurin mai ƙosai da mai tsire da mai gyaɗa, daga nan sai kwata. Don haka da baki kawai yake yin tasa, yana kuwa jin aikin bai cika ba.

Wajen 1988 aka kawo wa makarantar kwamfuta. Aka ware mata ɗaki mai sanyi, ba a shiga da takalmi, abin da ya fara burge Malam Aƙilu ke nan. Ba irin ta yanzu ba ce mai hotuna. Allo ne baƙi ƙirin, rubutu kore, da wata 'yar alama tana ƙiftawa tana jiran a ba ta umarni. Ka buga mata abin da kake so, ta zubo maka. Aikinsa shi ne shigar da sunayen ɗalibai da makinsu, aji-aji, sannan firinta ta fitar da jadawali a doguwar takardar nan mai huji-huji a gefe: suna a hagu, makin kowane darasi a gidansa, a jere har ƙasa. Yakan ce wa Rakiya, "Biyayya gare ta, amma ba ta da hankali ko kaɗan. In ka ce ta faɗa rijiya sai ta tambaye ka wacce."

Mai gyaranta wani ne daga Kaduna, Bahago ake ce masa. Ran nan yana aiki ya ce, "Malam, kai da ka iya tafireta, ka san ba duk abin da ka buga a nan ake gani ba?" Ya danne wani maɓalli a kusurwa ya haɗa da wani, sai kwamfutar ta yi ƙara, alhali babu abin da ya fito a allo. Malam Aƙilu ya zabura, Bahago ya tuntsire da dariya. Ya ce akwai haruffan da ba na karantawa ba ne, na umarni ne. Wannan ya ce a buga ƙararrawa. Wani ya ce a ja da baya taki ɗaya. Wani ya ce wa firinta ta runtse ido, kome ya wuce kada ta buga, sai ɗan'uwansa ya zo ya ce ta buɗe.

Malam Aƙilu ya koma gida yana ta juya maganar, har Rakiya ta tambaye shi ko miyar ce ba ta yi ba. Kashegari ya gwada. A gaban sunan farko na aji ya sa harafin runtse ido, ya buga BISMILLAH, ya bi ta da haruffan ja da baya har suka koma inda ta fara, ya sa na buɗe ido, sannan ya buga sunan ɗalibin. A allo, sunan ya hau kanta ya rufe. A takarda, firinta ta tsallake ta kamar ba ta nan. Ga bisimilla a rubuce a farkon aiki, ga shi ba za ta taɓa zuwa kwata ba. Ya daɗe zaune yana kallon takardar, idonsa ya ciko.

Mutum ɗaya ya nuna wa, abokin aikinsa Jalo.

Jalo Bakano ne, ya zo Zariya aiki ba shi da kowa. A shagon ƙofar gidan Malam Aƙilu ya sauka, da nufin kwana biyu, ya shekara ya ƙara. Tuwon Rakiya ya ci har ya yi kumatu. Da ya tashi aure, Malam Aƙilu ne ya shige gaba zuwa Ƙofar Kuyambana ya nemo masa Ramatu. Kuma da yake Bakano da Bazazzage ne, ba su minti biyar ba su tsokani juna ba.

"Zo nan, bawana, ka ga abin da Kanawa ba za su taɓa ganowa ba."

"Wane ne bawan? Ku da in an ce ku miƙo gishiri sai kun kawo hadisi."

Ya nuna masa. Jalo ya sa ya maimaita, ya sake maimaitawa. Ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Wallahi Yaya Malam, wannan karon na sallama. Ka sa mini a nawa azuzuwan ma, ko ma samu albarka."

Haka aka yi ta yi shekara da shekaru. Kowane aji, sunan farko yana ɗauke da bisimilla a ɓoye, jadawali yana fita tsaf, ba wanda ya taɓa kawo ƙara.

Jalo yaro ne mai kai, ba a hana shi wannan. Makaranta ta tura shi kwas Legas, ya dawo da jaka mai maɓalli da Turanci a baki, aka ba shi riƙon shugabancin ɗakin kwamfuta, za a tabbatar masa in ya yi abin kirki. Malam Aƙilu ya fi kowa murna, har tsire ya sayo wa gida a ranar. Jalo ya ce tsohon tsarin fitar da jadawali ya tsufa, ya zauna ya rubuta nasa. Tsohon ba ruwansa da tsawon suna, in ya gama bugawa tsalle yake yi zuwa gidan maki na farko. Na Jalo kuwa ƙirga haruffan sunan yake yi, ya cike sauran filin da sarari, don gidajen su matsu, darussa da yawa su shiga takarda ɗaya. Aka yaba ƙwarai. Abin da bai tuna ba, kuma Malam Aƙilu ma bai kawo a ransa ba, shi ne kwamfuta ba ta bambance harafin da ake gani da wanda ba a gani. Duka ƙirgawa take yi.

A jarrabawar ƙarshe ta 1994 aka fara aiki da shi. Sunan farko na kowane aji, kwamfuta ta ɗauka dogo ne, ta rage masa sarari, sai makinsa suka zame zuwa hagu. Wasu suka shige filin suna, wasu suka zauna a gidan darasin da ba nasu ba, gidajen ƙarshe suka tashi fayau. Layi ɗaya ne tal a saman shafi, sauran duk daidai. Shugabannin sassa kuwa kowa gidan darasinsa yake bi da rula daga sama zuwa ƙasa. Wanda ya ga fili ya rubuta: bai zauna ba.

Sai da aka kafe sakamako wani dattijo, Malam Tanko, ya zo daga wani ƙauye wajen Giwa, da laka a ƙafarsa don damina ce. Ya zauna a ƙofar ofis ya ce ba zai tashi ba. Ɗansa Abashe ya rantse masa da Alƙur'ani ya zauna kowace jarrabawa, ga shi an ce ya maimaita shekara. Aka tono takardun amsa, aka ga yaron ya zauna, ya ma ci. Aka duba sauran azuzuwa, aka ga duk na farkon haka aka yi masa.

Ana nuna wa Malam Aƙilu karkataccen layin nan ya gane daga inda abin ya fito. Bai jira an neme shi ba, ya tafi wurin magatakardan makarantar, Mista Yakubu, wani mutumin Wusasa mai sanyin magana, ya ce, "Ranka ya daɗe, ina jin daga hannuna ne." Ya fita ya sami Malam Tanko ya durƙusa ya ba shi haƙuri, dattijon bai ma gane me ake ba shi haƙuri a kai ba.

Aka kafa kwamiti. Suka cire takalma suka shiga ɗakin sanyi, aka ce Jalo ya nuna musu. Akwai umarnin da ake ba kwamfuta ta tona duk harafin da ke ɓoye, ta sa masa 'yar alama mai tsini kamar kan bukka. Jalo ya buga. Sai ga shi a kore a baƙin allo: alama, BISMILLAH, sannan ^H^H^H^H a jere kamar sawun kaza, wata alamar, sai sunan Abashe Tanko.

Alhaji Lado, mataimakin shugaban makaranta, ya ja da baya har ya bugi kujera.

"A'uzubillahi. Sunan mutum, da bisimilla, da hatimi, a binne inda ido ba ya gani. Kuma waɗanda aka binne su ne suka faɗi. Jama'a, mu 'yan garin nan ne, mun san sunan wannan abu."

"Alhaji, ba hatimi ba ne, ja da baya ne," in ji Malam Aƙilu. "A duba na shekarun baya, duk akwai, kuma yaran sun ci."

"Kun ji ko! Ashe ya daɗe yana binne 'ya'yan mutane."

Mista Yakubu ya ɗaga hannu. Ya ce shi ba zancen asiri ya kawo shi ba. Abin da zai rubuta ɗaya ne cikin biyu. Ko dai ma'aikaci ya cusa abu a fayilolin makaranta a ɓoye ba da sanin kowa ba, wannan na kora ne. Ko kuwa abu ne da ɗakin kwamfuta ya sani, aka manta da shi wajen sauya tsari, wannan kuskure ne, na gargaɗi. "Malam Aƙilu, akwai wanda ya san kana yi tun kafin yau?"

Malam Aƙilu ya waiwaya ya dubi Jalo. Jalo yana goge madannan kwamfutar da gefen hannun rigarsa, bai ɗago ba. Kafin wani ya ce wani abu aka kira azahar, Mista Yakubu ya ce a tashi sai gobe.

Bayan la'asar Malam Aƙilu ya tura kekensa zuwa gidan Jalo a Ƙofar Kuyambana. Jalo ya fito zaure, ya shimfiɗa tabarma, ya sa aka kawo kunun zaƙi.

"Bawana, ɗazu ka yi shiru."

"Haba Yaya Malam, abin ne ya zo mini ba shiri. Ka ga yadda Alhaji Lado ya hau."

"Ni ba aikin nake ji ba, Jalo. In kora ce, Allah ne mai ciyarwa. Sunan da za a sa mini nake gudu. Ka san gidanmu. Kalma ɗaya ce, ka ce ka sani."

"In na ce na sani, ai sai su ce to me ya sa ban gyara ba. Ga zancen tabbatarwar nan a gaba."

"Gargaɗi ne, ka ji da kunnenka. Mu raba shi, ni ne na sa, kai ka manta."

Jalo ya daɗe yana juya ludayi a kwano. Can ya ce, "Shi ke nan. Gobe zan faɗa. Tuwon Yaya Rakiya ma ai ba zai bar ni in yi shiru ba." Har dariya suka yi. Ya raka shi bakin titi, ya riƙe masa keke ya hau. Malam Aƙilu ya koma gida ya ce wa Rakiya ta kwantar da hankalinta, ya ci abinci har ya nemi ƙari.

Da safe aka koma ɗakin sanyi. Mista Yakubu ya ce, "Malam Jalo, kai ne mai riƙon ɗakin nan. Ka taɓa sanin wannan abu?"

Jalo ya gyara zaman tabaransa. "Gaskiya, ranka ya daɗe, ban taɓa ganinsa ba sai jiya."

"A azuzuwanka ma akwai."

"Wani lokaci shi ke taya ni shigarwa."

Malam Aƙilu bai yi musu ba. Daga baya Rakiya ta sha tambayarsa me ya hana shi rantsuwa, ya ce bakinsa ne ya ƙi buɗuwa, yana ta kallon hular da ke kan Jalo, don shi ya ba shi ita ranar ɗaurin aurensa. Mista Yakubu ya dubi Malam Aƙilu ya daɗe, kamar yana jira, sannan ya sunkuya ya yi rubutu. Abin da ya iya yi masa shi ne ya mai da korar ritaya. Malam Aƙilu ya fito ya sa takalmansa, ya manta kekensa a rumfa, da ƙafa ya dawo cikin gari.

An gyara wa Abashe da sauran yaran sakamakonsu, wannan kam ya ji daɗinsa. Amma magana ta riga shi shiga ganuwa. Ba wanda ya tare shi da ita, garin nan ba a haka. A masallacin unguwa, in liman ba ya nan, a da shi ake turawa gaba. Ran nan liman ya yi tafiya, aka ta da iƙama, ya ɗaga ƙafa zai matsa, sai ya ga an riga an taɓa kafaɗar wani. Ya mai da ƙafarsa cikin sahu. Masu kawo masa takardun 'ya'yansu ya cike musu suka ɗauke ƙafa. Wata maƙwabciya ta zo karɓar rariya, ta tambayi Rakiya cikin raɗa wai ko Malam yana yin na farin jini. Rakiya ta ba ta rariyar, ta shiga ɗaki ta yi kukanta.

Jalo kuwa an tabbatar masa da kujera. Ya gyara tsarinsa yadda kafin a buga jadawali sai an tace duk harafin da ba a gani an zubar, sannan a ƙirga. Layi bai ƙara karkacewa ba. Bai ƙara taka Ƙofar Jatau ba. Da sallah Ramatu ta aiko da tuwo, Rakiya ta karɓa ta juye ta mai da kwano, don Malam ya ce ba ruwan Ramatu.

Bayan kamar shekara, wata safiya Malam Aƙilu ya fita sayen ƙosai wurin Jummai a bakin ƙofa. Ta naɗe masa a takarda mai huji-huji. Yana tafe yana dubawa, yadda ya saba, sai ya tsaya cak. A saman shafin, mai ya jiƙa shi har ana ganin yatsa ta baya, an buga baƙi ƙirin: BISMILLAH, manne da sunan wani ɗalibi. Nan take ya gane. Tacewar Jalo ta kwashe runtse ido da ja da baya, ta bar kalmar tsirara. Duk tsohon ajin da aka sake bugawa, da ita yake fitowa. Ya dubi kwatar da ke gefen Jummai, ga irin takardun nan a dunƙule, an taka.

Ya juye ƙosan a hularsa. Ya tattara na ƙasa, ya shiga kwata ya tsamo na ciki, mutane na kallo.

A ranar ya koma Ƙofar Kuyambana, karo na ƙarshe. Ya yi sallama a zaure har sau uku. Babur ɗin Jalo na jingine a ciki, injinsa bai ma huce ba. Can Ramatu ta zo bayan ƙyaure.

"Baba Malam, sannu da zuwa. Wai... ya fita."

"To, Ramatu. In ya dawo ki ce masa ba zancena na zo yi ba, wannan ya wuce. Bisimillar nan ce take fita a takarda, tana zuwa kwata. Ya goge ta daga tsofaffin fayilolin. Aikin yini ɗaya ne."

"Zan faɗa masa, Baba."

Ba a goge ba. Masinjan makarantar ya ce an yi zancen a ofis, amma kowa ya ce ba da yatsansa za a goge sunan Allah ba, Jalo kuma ya ce shi ba zai taɓa abin da bai san asalinsa ba.

Daga nan Malam Aƙilu ya sami aikin da ya yi har ƙarshen ƙarfinsa. Ya fito da tsohuwar tafireta yana buga wa mutane takardu a zaure, na abinci ke nan. Da hantsi kuwa ya sa almakashi a aljihu ya zaga masu ƙosai da masu tsire da masu gyaɗa, daga Ƙofar Jatau har bakin kasuwa. Ya kai musu takardar buhun siminti da ya yanka ya goge, su ba shi masu huji-huji ya duba. Inda ya ga kalmar ya yanke ta, ya raba ta da sunan ɗalibin, kada wani ya gani ya ce an sake. Jummai takan ware masa tun kafin ya iso, ta ce, "Malam, ga naka, yau uku na gani." Wasu kuwa suna ganinsa da almakashi da guntayen takardu sai su taɓa juna. Ya sani, bai fasa ba.

Guntayen a gwangwanin madara Rakiya ke tara masa. In ya cika, ranar Juma'a ya ƙona a sabon kasko, ya haƙa rami a gindin bango inda ba a takawa ya zuba tokar. Sunan Jalo bai ƙara fita bakinsa ba, da alheri ko da sharri. Sau ɗaya dai, yana cikin ciwon da bai tashi ba, aka yi sallama a zaure da wata murya mai kama da ta Kanawa. Ya yunƙura ya ce, "Rakiya, duba mini ko wane ne." Ta leƙa ta dawo ta ce mai gyaran rediyo ne. Ya ce to, ya juya fuskarsa bango.

Ya rasu a 1999, gwangwanin na rabi. Rakiya ce ta ƙona sauran bayan ta fita takaba. Allah ya haskaka makwancinsa, ya sa abin da ya tsinta a ƙasa ya tsaya masa.